Kunnen Malam Bai Shanye Ba

Da za a ba ni mulkin Katsina na kwana ɗaya, abin da zan fara yi shi ne in sa mutum ya tsaya a ƙofar kowane mai jinya yana karɓar bakunan masu dubiya, yadda ake barin takalma a ƙofar masallaci. Ka shiga, ka duba, ka fito, a miƙo maka bakinka ka ƙara gaba. Na yi jinyar maigidana, Malam Iro, wata bakwai. Na ga ciwo, na ga layin asibiti, na ga tsadar magani, amma wallahi babu abin da ya kusa raba ni da shi irin maganganun da aka riƙa yi a kanshi yana kwance yana ji. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ko wani ya gani ya kama bakinshi.

Malam hatsi yake sayarwa a Babbar Kasuwa. In kana neman rumfarshi ba sai ka tambaya ba, ka bi inda kake jin dariya. Mutum ne mai surutu, ya tsokani babba ya tsokani yaro, ko ni da muka shekara talatin da ɗoriya tare ban tsira ba. Yana da hawan jini, an ɗora shi a kan ƙwaya, yana sha lafiya lau. Sai wani maƙwabcin rumfarshi, wanda ko allurar ɗinki bai iya riƙewa ba, ya ce mashi wai maganin asibiti bauta ce, in ka saba da shi sai ya cinye maka ƙoda, ya koma tafarnuwa da zoɓo. Na yi faɗa, na yi magiya, ya ce ni na fi likita tsoro. Kun ga tun daga nan ma baki ne ya fara ja mamu.

Ranar wata Talata ce cikin bazara, da hantsi. Yana zaune bakin ƙofar ɗaki yana shan koko yana mani tsiya, wai na tsufa, kokona ya koma ruwan wanke hannu. Ina shirin ramawa sai na ji kofi ya faɗi. Na waiwaya na ga bakinshi ya karkace, koko na bin gemunshi, hannun dama ya saki. Har na ce, "Malam, bari mana," don na ɗauka cikin wasan ne. Da na dubi idonshi sai na kurma salati.

Maƙwabta suka kama mani shi muka sa a kurkura, mai ƙafa ukun nan, muka nufi asibiti. A je a yanki kati. A bi layi. Mai ba da kati ya tafi karin kumallo. Aka ce babu gado, muka shimfiɗa mashi zanena a baranda, nan ya kwanta har la'asar, ƙuda na bin bakin da ba ya iya rufewa. Aka ce sai an yi hoton kai, na'urarsu kuma ta lalace, sai dai waje. Yayanshi, Alhaji Mannir, shi ya ɗauke mu a motarshi, shi ya biya hoton ba tare da na roƙa ba. Na faɗi wannan tun yanzu don zan faɗi wani abu a kanshi nan gaba, kada a ce na manta alheri.

Likitan da ya duba hoton yaro ne, bai fi sa'an ɗiyata Hafsatu ba. Ya ɗaga hoton wajen taga, ya yi tsaki, ko duban Malam bai yi ba, alhali yana tsaye daidai kanshi.

"Mama, kun makara. Jijiya ce ta toshe a kai. Irin wannan sai dai a yi ta maneji."

Maneji! Kamar wani tsohon injin markaɗe. Na ce, "Likita, zai tashi?" Ya ɗaga kafaɗa ya wuce gado na gaba. Na san aiki ya yi mashi yawa, na ga yawan mutanen da ke jiranshi, amma kalma ɗaya mai daɗi ba ta da nauyin da za ta karya mashi baki. Har yau in na ji an ce maneji, ko a kan gishirin miya ne, sai na tuno likitan nan.

Sati na biyu muna ɗakin maza, an samu gado. Ɓarin dama duk ya shanye, magana ta ɗauke ɗif, sai ido. Yana ɗan karɓar kunu da cokali. Daga la'asar ake buɗe ma masu dubiya ƙofa, ni kuma daga la'asar nake fara ciwon kai.

Kowa ya zo da nashi ilimin. Wannan ta ce iska ce ta buge shi a ƙofar makewayi, ba ciwon asibiti ba ne. Wancan ya ce kada in yarda a yi mashi allura, allura ba ta shiri da irin wannan. Aka kawo kitsen damo, aka kawo garin hayaƙi, aka kawo wani baƙin ruwa a jarka wanda warinshi kaɗai ya isa ya kwantar da mai lafiya. Rubutu da tofi na karɓa, don ayar Allah ce. Sauran kwata ta sha.

Wannan duk mai sauƙi ne. Hajiya Kulu, maƙwabciyarmu, ta zo da ayaba da lemo, ta ja kujera ta zauna gab da kunnenshi, ta ƙare mashi kallo, ta girgiza kai.

"Allah sarki. Irin na mijin Talatu ne sak, shi ma dama ce. Ya yi sati uku kamar ya samu sauƙi, ashe sauƙin tafiya ne."

Na ce, "Hajiya!"

"A'a, ai gaskiya ce, gara ki shirya zuciyarki. Ni fa don ina sonki ne."

Ta ɓare ayaba ɗaya daga cikin wadda ta kawo ta ci. Tir da irin wannan so.

Kwana biyu bayan haka Alhaji Mannir ya zo. Ya tsaya ta ƙafafun ƙanenshi, ya gyara babbar riga, ya dube ni.

"Ina makullin rumfa? Gara a ƙirga abin da ke ciki tun yanzu, kada daga baya a zo ana rigima da marayu."

Marayu. Uban na kwance tsakaninmu, ƙirjinshi na hawa yana sauka. Don kunyar surukuta na kwance makullin daga bakin zane na miƙa mashi. Na yarda ba cuta yake nufi ba, har yau ko tiya ɗaya ba ta ɓata a rumfar nan ba. Amma da ya jawo ni baranda ya faɗa, mi zai ragu a jikinshi?

A sati na uku aka sallame mu, aka ce mu riƙa zuwa gashi, wurin masu motsa gaɓoɓi, sau biyu a sati. Muka dawo gida Ƙofar Guga, na kwantar da shi a ɗakin da ke jikin zaure don maza masu dubiya su samu shiga. Da na sani da can ƙuryar gida na kai shi na datse ƙofa.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci 'yan kasuwa suka zo su huɗu, Malam Sule dillali a gaba. Suka zauna, suka yi addu'a, aka shafa. Ina tsaye bakin ƙofa da mayafina. Malam Sule ya juyo wajena ya sassauta murya, ya karkata kai.

"Hajiya, ya muka ji da haƙuri?"

Gaisuwar gidan mutuwa, a kan mutum yana numfashi.  Malam Sule ya farga, ya hau in-ina, "Au, ya mai jiki nake nufi, daga wata ta'aziyya muke, bakin ne ya zarce." Maimakon a bar ta nan, sai na kusa da shi ya ce zai gyara: "Allah sarki Iro, mutumin kirki, ba a taɓa jin kanshi da kowa ba. Kasuwa ta yi rashi." Ta yi rashi! Na dubi Malam, na ga hawaye na gangarowa ta idon hagu yana shiga kunnenshi. Ya yi ta kokawa da hannun nan ɗaya mai rai har ya juya fuskarshi bango.

Daga ranar ya rufe baki. In na kawo cokali sai ya datse haƙora. Kunu, fura, romo, shayi, har kunun gyaɗar da yake mutuwar so, duk ya ƙi. In na matsa ya karɓi cokali biyu ya bar na uku ya zubo ta gefen baki. Ruwa kaɗai yake ɗan kurɓa, magani sai na daka na jiƙa na yi dabara. Mutumin da buhun gero bai gagare shi ɗauka ba ya fara zubewa a gabana, ƙashin wuya ya fito, fatar hannu ta saki.

Wanda bai yi jinyar mai shanyewar jiki ba bai san aiki ba. A juya shi kada bayanshi ya yi gyambo, a wanke shi, a canza zane, a wanke zanen, a shanya, kafin ya bushe an ɓata wani. Ga zafin bazara, ga wuta ba ta zama. Ɗakin ya ɗauki wani wari wanda turaren wuta ba ya kashewa. Hafsatu na zuwa daga gidan mijinta kullum da safe, mu kama aiki a kanshi.

"Kama ƙafarshi mu juya shi."

"Ya sha kuwa, Umma?"

"Ina fa ya sha. Ɗaga shi in zare zanen."

Haka muke yi har azahar, ba mai duban wani don gajiya. Tumakina biyu da nake kiwo duk a kan magani da kuɗin kurkura suka tafi, ban kuma yi kukansu ba.

A wurin gashi ne na samu mutum ta farko da zan yi ma addu'a har in mutu. Malama Rabi, wata 'yar siririya mai tabarau. In mun shiga sai ta durƙusa daidai fuskarshi ta ce, "Baba, ina kwana? Yau za ka matse mani yatsa, ban yarda da wayo ba." Abin mamaki, a hannunta yana ɗan taɓukawa. Mu dawo gida ya koma dutse. Na ɗauka kunyar baƙuwa ce ke sa shi.

Rannan na tsaya a gabanshi ina ba ta labarin ƙin cin abincin, har da cewa ni ina ganin hankalin ma ya tafi. Ta kama hannuna ta fitar da ni waje, ta rufe ƙofa.

"Mama, bakinshi ne ya ɗaure, hannu da ƙafa suka shanye. Kunnenshi bai shanye ba. Duk abin da ake faɗa yana shiga, kuma ba shi da hanyar fitar da shi."

 Na tuno Hajiya Kulu, na tuno marayu, na tuno gaisuwar Malam Sule. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba.

Daga ranar na ɗauki kujera 'yar tsugunno na dasa a zaure. Duk wanda ya zo sai ya bi ta kaina. Doka ɗaya ce: sannu, Allah shi ƙara sauƙi, ka fito. Ba labarin wanda ya mutu, ba "Allah sarki," ba girgiza kai. Wata ta fara, "Ni kau na san wani a Batagarawa da," ban bari ta kai aya ba na miƙa mata takalmanta. Hajiya Kulu ta dawo da wata ayabar, na karɓa na ce ya yi barci, alhali tana hango idonshi biyu ta labule. Kafin sati ya zagayo magana ta cika unguwa. Wai matar Iro ta kafa shinge kamar 'yan sandan hanya. Wai na hana danginshi ganinshi, ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da nake ɓoyewa. Matar Alhaji Mannir ta ɗauke ƙafa. Ko a jikina. Na ce su faɗa a waje, can ne ba ya ji.

Na tsare ƙofa, na kore bakuna, ɗaki ya yi shiru. Amma Malam bai buɗe baki ba. Fuska na bango, ido a buɗe, yini guda.

Sati na shida muka koma ganin likita. Wannan karon wani dattijo muka samu, mai furfura, mai haƙuri. Ya gwada shi da ruwa a cokali, ya taɓa maƙogwaronshi, ya duba wani jan tabo da ya fara fitowa a ƙugunshi, sannan ya kira ni gefe.

"Haɗiyarshi lafiya lau take. Ba kasawa ya yi ba, ƙi ya yi. In ya kai Litinin a haka za mu kwantar da shi mu zura mashi roba ta hanci. Kuma in jikin ya ci gaba da zubewa, wannan tabon zai buɗe, shi nake tsoro."

Ranar Alhamis ce. Na fito ina lissafin kwana huɗu. A cikin kurkura na riƙe kanshi a kafaɗata, muka biyo gari, mai tuƙi na ta waƙarshi.

Ranar Asabar da hantsi ina zaure a kan kujerata sai ga ɗan kabu-kabu ya sauke Yaya Delu. Delu ɗiyar gwaggon Malam ce, taubashiyarshi, ta girme shi da shekara shida ko bakwai. A Batagarawa take aure. Duk wannan abin ba ta nan, tana Funtuwa wurin ɗiyarta da ta haihu, sai da aka yi arba'in ta dawo. Ita da Malam tun da nake ban taɓa jin sun gaisa kamar mutane ba. Kowa na cewa ɗan'uwanshi bawanshi ne, in suka haɗu a biki sai an raba su. Da na hango ta na miƙe zumbur, don bakin Delu ba shi da linzami.

Na tare ta. "Yaya Delu, don girman Allah a yi a hankali. Sannu kawai za ki ce, likita ya ce,"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke, matsa mani. Ni za ki koya ma gaida Iro? Na goya shi ya yi mani fitsari a baya tun ba a san za a haife ki ba."

Ta ture ni da kafaɗa ta ɗaga labule. Na ga ta tsaya cak da ta ga yadda ya koma. Na ga leɓenta ya yi rawa. Sai ta haɗiye, ta riƙe ƙugu, ta ɗaga murya har ana ji a waje.

"Kai! Kai Iro! Bawana, uban raggaye! An ce mani ka mutu, na baro Funtuwa a guje in zo in kwashi gero, ashe kana nan ka baje kana sa mata suna yi maka bauta. Juyo ka gaida uwargijiyarka, mara kunya!"

Inna lillahi. Kalmar da na yi sati uku ina kora daga ƙofar gidana, ga ta an jefa mashi ita tsakar ka. Na yunƙura in fizgo ta, sai na ga abin da ya tsayar da ni. Kan Malam na juyowa daga bango, a hankali, har ya sauke ido a kanta.

Delu ta zauna daram a gefen katifa. Ta jawo kwanon furar da na dama tun safe, ta buɗe faifan.

"Wannan ta wa ce? Taka? Ba ka sha? To madalla, dama bawa ba ya ci sai uwargijiya ta rage."

Ta cika ludayi ta zuƙa da ƙarfi, fuuu, ta lashe baki, ta sake cikawa. Idonshi na bin ludayin.

"Ka tuna ranar da jaki ya kada kai a gonar Baba, ka taho gida kana kuka, wando a hannu? Gobe zan shiga Babbar Kasuwa rumfa-rumfa in ba da labarin. Kuma zan ƙara da ƙarya, tunda yanzu ba ka da bakin musu. Zan ce jakin ma mace ce, gurguwa. Zan ce ni na ɗauko ka."

Na ga jijiyar wuyanshi ta tashi. Ƙirjinshi ya fara hawa da sauri. Karkataccen bakin nan ya shiga motsi, yana buɗewa yana rufewa, wani gurnani na fitowa. Na ce, "Yaya Delu, ki bari, za ki kashe shi!" Ko kallona ba ta yi ba, ta kai ludayi baki ta ƙura mashi ido.

"U... u..."

"Mi? Ban ji ba. Bayi ba su magana."

"Uwaki!"

Wallahi haka ya fito, tar, kamar ba daga bakin da ya yi kwana arba'in a ɗaure ba. Ni da na yi ta roƙon Allah kalmarshi ta farko ta zama salati. To, Bakatsine ne, Allah ya yi nashi ikon.

Delu ta aje ludayi ta rangaɗa guɗa. "Ayyururui! Gwaggon taka ka zaga, ɗan nema? Tana kabarinta ka bi ta da ashar?" Tana dariya hawaye na zuba har haɓa, ba ta ko share ba. Malam ya miƙo hannun hagu ya cafki bakin kwanon. Ta ja, ya ja. Ta ce, "Sai ka ce don Allah." Ya sake ɗura mata irin ta ɗazu. Ta saki. Ta tallafe kanshi, ya kama ludayi da hagu, rabi a baki rabi a riga, ya sha ludayi bakwai ina ƙirgawa. Ni kuma na zame jikin ƙofa na zauna a ƙasa ina kuka kamar yarinya.

Kwana tara Delu ta yi a gidanmu, kullum cikin faɗa suke. Ta ce ƙafar dama ta fi mai ita zuciya, ya motsa yatsa don ya ƙaryata ta. Ta shirga mashi ƙarya a kan kakanninsu, ya yi ta fama har ya ce, "Ƙar-ya." Bayan ita sai "ruwa," sai "bari," sai sunan Hafsatu. Ran Litinin dattijon likita ya dube shi ya ce a bar maganar roba. Tabon ƙugu ya bushe bai buɗe ba. Ranar da za ta koma Batagarawa na raka ta zaure ina ta yi mata godiya. Ta ce, "Ke dai Allah shi ba ki lada, kin yi wahala. Amma kin mai da ɗakin nan kamar maƙabarta." Na ji haushi, na ce a raina ita ba ta san abin da na sha da mutane ba.

Sauran watannin tafiya ce ta hawainiya. Wata na uku ya zauna da kanshi. Wata na huɗu ya tsaya jikin bango. Da damina ta yi nisa ya fara takawa da sanda daga ɗaki zuwa zaure, yana jan ƙafa. Hannun dama har yau bai dawo duka ba, magana kuma tana fita a hankali, kalma-kalma, wani lokaci ya nemi wata ya rasa ya buga sanda a ƙasa. Ƙwayarshi kuwa ko ya ƙi ko ya so sai ya sha, wanda ya ba shi shawarar tafarnuwa ko dubiya bai zo ba. Allah shi saka ma Malama Rabi, da dattijon likita, da maƙwabtan da suka ɗauke shi ranar farko, da Alhaji Mannir da ya riƙe rumfa da amana. Hajiya Kulu ma da ta ga yana takawa ta ce ita dama ta san zai tashi. 

A wata na bakwai, wata rana da la'asar, muna tsakar gida. Ina tsinke zogale a tire, shi yana kan tabarma yana matsa ƙwallon robar da aka ba shi don hannu. Hira ta kawo mu kan jinya, na shiga zayyano mashi mutanen da har yanzu nake jin su a wuya. Na yi ta yi, shi yana saurare. Daga ƙarshe na ce, "Malam, tsakani da Allah, a cikinsu maganar wa ta fi yi maka ciwo? Ta Malam Sule ko?"

Ya girgiza kai.

"Ta Alhaji?"

Ya daɗe yana juya ƙwallon. Sannan ya ce, "Su... sun zo... sun tafi. Ke kina nan."

Na aje zogalen. "Ni? Ni mi na ce? Ni da na kore su?"

"Ba ki ce ba." Ya ja numfashi, ya nemo kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "A juya shi. A ɗaga shi. Ya sha? Shi... shi... shi. Kullum kina kaina. Ina ta jira... ki ce mani kai."

Na buɗe baki in musa, na shiga laluben kwanakin nan arba'in ina neman rana ɗaya da na zauna na dubi idonshi na yi mashi magana, ko tsiya ce, ko tambayar mi yake so. Da farko kunyar surukai da suka cika ɗaki ce, daga baya gajiya, daga baya kuma na saba. Ban samu ranar ba. Duk ƙyamar da na yi wata bakwai ina ji a kan mutane sai ta juyo kaina. Amma da yake bakin nawa bai iya shiru ba, sai na ɗaga murya.

"Haba Malam! Ni da na yi ta ɗawainiya da kai? Wa ya kwashe, wa ya goge? Wa ya wanke ka safe da yamma?"

Ya dube ni, ba fushi a fuskarshi ko kaɗan, ya ce, "Gawa ma... ana wanke ta."

Ya ci gaba da matsa ƙwallonshi. Ni kuma na tashi na ɗauki tsintsiya, na hau sharar tsakar gidan da na riga na share.